Mai Abu Da Abinsa? Tambaya Daga Wata Fadama A Arewacin Birtaniya



Akwai wata magana da muke yawan faɗa idan gardama ta tashi kan dukiya, wato "mai abu da abinsa". Da zarar an faɗe ta sai kowa ya kama bakinsa, domin ma'anarta ita ce tun da nasa ne, babu mai ce masa don me. To tambayar da nake so mu duba yau ita ce, shin wannan magana tana da iyaka? Idan mutum ya sayi abu da kuɗinsa, takardunsa cikakku, hukuma kuma ba ta hana shi ba, shin hakan ya ba shi damar ya lalata abin, ko da kuwa abin nan sai da ya yi shekara dubu tara kafin ya samu? Idan kuma aka ce a hana shi, wa zai hana, kuma wa zai ɗauki asarar hanin? Domin kada maganar ta zama ta iska, bari in kai ki wani wuri da aka yi wannan gardama a zahiri, aka shekara kusan arba'in ana yin ta.

A can ƙurewar arewacin Sikotlan, cikin ƙasar Birtaniya, a yankunan Caithness da Sutherland, akwai wata makekiyar fadama da ake kira Flow Country, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 4,000. Amma kada ki ji an ce fadama ki hango irin wadda muka sani, mai shinkafa da rake da tumatir. Wannan ba a noma komai a cikinta. Fili ne fetal mai sanyi da iska, ruwan sama ba ya jimawa bai sauka ba, ga dubban ƙananan kududdufai baƙaƙe, ƙasar kuma lumtsum take kamar soso, idan kika taka sai ruwa ya fito. Abin da ya fi yawa a wurin shi ne wani irin gansakuka mai shan ruwa, wanda yake iya riƙe ruwan da ya kai nauyinsa sau ashirin. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya har tara shi aka riƙa yi ana busarwa ana ɗaure wa sojoji rauni da shi a madadin auduga.

Abin mamakin yana ƙarƙashin gansakukan ne. Kin san duk ciyawar da ta mutu a gona ruɓewa take yi ta koma ƙasa. To a nan, saboda yawan ruwa da sanyi da tsamin ƙasar, ciyawar ba ta gama ruɓewa. Sai dai ta mutu ta kwanta, wata ta tsiro a kanta, ita ma ta mutu ta kwanta, har su danƙare su zama wata baƙar laka wadda idan aka yanko ta aka shanya takan ci wuta kamar gawayi. Wannan laka tana ƙaruwa ne da kimanin milimita 1 kacal a shekara. Wato kafin ta taru ta kai kamu ɗaya na hannunki, an yi wajen shekara 500. A wasu wuraren na wannan fadama zurfinta ya kai mita 10, kuma masana sun ce ta shafe kimanin shekara 9,000 tana taruwa. Ki riƙe wannan lissafi, domin a kansa maganarmu take.

Shekaru aru-aru mutanen yankin, waɗanda galibinsu ƙananan manoma ne masu kiwon tumaki, suna yankar wannan laka da hannu a gefen fadamar, su shanya, su tara domin girki da jin ɗumi a lokacin sanyi. Amma a idon hukuma da masu kuɗi, wurin kufai ne kawai, ƙasar banza wadda ba ta kawo ko sisi. Daga wajen 1979 zuwa 1987 sai aka samo mata "amfani". A lokacin dokar haraji ta Birtaniya ta ba attajirai dama su cire kuɗin da suka kashe wajen dasa itatuwa daga cikin kuɗin shigarsu da ake yanka wa haraji. Ƙasar fadamar kuwa tana da arha ƙwarai. Sai kamfanonin dashe, musamman wani mai suna Fountain Forestry, suka riƙa sayen filaye suna dasawa a madadin masu hannu da shuni, waɗanda yawancinsu suna zaune a kudu ne, nesa da wurin. Aka shigo da manyan garemani aka tsattsage fadamar, aka haƙa magudanai masu tsawon dubban kilomitoci domin ruwan ya tsiyaye, sannan aka dasa itatuwan katako waɗanda asalin irinsu daga Arewacin Amurka yake. Cikin ƙasa da shekara goma dubban kadadu suka bushe.

Abin lura a nan, 'yar'uwa, babu wanda ya karya doka. Babu sata, babu ƙwace. Hasali ma gwamnati ce ta ƙarfafa musu guiwa, kuma dasa itace abu ne da kowa ya yarda alheri ne. Idan da "mai abu da abinsa" ita ce ƙarshen magana, da babu abin cewa. Amma ni ina ganin akwai, kuma ga dalilaina.

Dalili na farko, ba duk mallaka ce iri ɗaya ba. Idan kika ga dama kika yayyaga zaninki kika yi tsumma da shi, babu mai tuhumarki, domin masaƙa tana nan, gobe za a saƙa wani. Amma akwai abin da ke ba ki yi shi ba, wanda ya sayar miki bai yi shi ba, kuma idan ya tafi babu kuɗin da zai dawo da shi a rayuwarki ko ta jikokinki. Garma ɗaya da ta ratsa wannan fadama da safe ta yanke abin da ya taru tun kafin a haifi kakannin kakannin mai garmar. Takardar filin da ke hannunsa ta jiya ce, abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa kuma na dubban shekaru ne. Mai irin wannan mallaka ya fi kama da wanda aka ba ajiya. Yana da ikon ya ci moriyar abin gwargwadon zamansa, amma ba shi da ikon ya miƙa wa na bayansa fanko. Ai ko a cikin gida kin sani, akwai bambanci tsakanin tukunyar da kika saya a kasuwa da rijiyar da kika tarar a tsakar gidan gado. Duka biyun za ki iya cewa naki ne, amma ba za ki cike rijiyar da shara don kawai yau kina da famfo ba.

Dalili na biyu, ɓarnar ba ta tsaya a iyakar filin mai shi ba. Duk ciyawar da ta tsiro tana zuƙe sinadarin kabon daga iska. Da yake ta wannan fadama ba ta gama ruɓewa, sai sinadarin ya kasance a kulle a cikin lakar. An ƙiyasta cewa Flow Country tana riƙe da kimanin tan miliyan 400 na kabon, wato fiye da ninki biyu na abin da duk dazuzzukan Birtaniya suke riƙe da shi. A duniya baki ɗaya ma, irin waɗannan fadamu kashi 3 cikin 100 ne kawai na doron ƙasa, amma abin da suka adana ya fi na duk dazuzzukan duniya. Muddin lakar tana jiƙe, ajiyar tana nan. Da zarar an tsiyaye ruwan, iska ta shiga, sai lakar ta fara ruɓewa tana fitar da kabon ɗin zuwa sama, wanda shi ne babban musabbabin ɗumamar yanayi. Busasshiyar laka kuma makamashi ce. A watan Mayun 2019 gobara ta tashi a wani sashe na wannan yanki ta yi kwana shida tana ci, kuma wani ƙiyasi da aka yi ya nuna hayaƙin da ta fitar ya kai kimanin tan 700,000 na iskar da ke ɗumama duniya. Iska kuwa ba ta san shinge ba. To kin ga ke nan, wanda ya busar da fadamarsa ya taɓa haƙƙin mutanen da bai taɓa gani ba, waɗanda ba su sa hannu a cinikinsa ba, ba su kuma ci ko kwabo daga ribarsa ba. Daga inda cutarwa ta tsallaka katangarka, daga nan "abina ne" ta daina zama hujja.

Dalili na uku ya shafi wannan kalma ta "ƙasar banza". Sau da yawa idan muka ce abu ba shi da amfani, abin da muke nufi shi ne mu ba mu san amfaninsa ba, ko kuma ba ya shigo mana da kuɗi. Fadamar nan tana aikinta shiru tun fil azal, tana tace ruwan da ke gangarawa kogunan yankin, tana zama wurin ƙyanƙyasar tsuntsayen da ba su da yawa a sauran sassan Birtaniya, tana kuma riƙe da kabon. Za ki iya cewa ai a wancan lokaci ba a san maganar ɗumamar yanayi kamar yadda aka sani yanzu ba. Haka ne, kuma adalci ne a faɗi hakan. Amma rashin sanin ma hujja ce a kansu. Idan aikin da za ka yi mai warwaruwa ne, ka gwada, in bai yi ba ka sake. Idan kuwa ba ya warwaruwa, kuma ba ka san abin da zai haifar ba, to nauyin kawo hujja yana kanka ne kai mai son taɓawa. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abin takaici ma shi ne itatuwan da aka dasa da yawansu ba su yi kyau ba, domin ƙasar ba ta dace da su ba, iska kuma ta riƙa kayar da su. Garin neman gira aka kusa rasa ido.

To idan aka tsaya a nan, sai a ce magana ta ƙare, a kewaye fadama a kori kowa. Amma ba haka abin yake da sauƙi ba, kuma wanda ya ɓoye miki ɗaya ɓangaren bai yi miki adalci ba.

Mutanen Sutherland suna da tarihi mai ɗaci da baƙi masu zuwa su yanke hukunci kan ƙasarsu. A farkon ƙarni na 19, masu mallakar filayen yankin sun tashi dubban talakawa daga ƙauyukan kakanninsu domin a mai da wurin makiyayar tumaki. A kwarin Strathnaver an yi hakan a 1814 da 1819, har da ƙona gidaje, kuma duk da sunan "gyaran ƙasa" aka yi shi. Wasu aka tura su gaɓar teku, wasu suka yi ƙaura zuwa Kanada da sauran ƙasashe. Har yau yankin yana cikin wuraren da suka fi ƙarancin jama'a a Birtaniya, matasa kuma suna barinsa saboda rashin aikin yi. Saboda haka lokacin da hukumar kare muhalli ta wancan zamani ta fitar da rahotonta a 1987 tana neman a dakatar da dashen, kuma a birnin Landan aka ƙaddamar da shi, mutanen yankin da shugabanninsu da yawa sun fusata. A ganinsu dashen nan, kome aibinsa, ya kawo wa 'ya'yansu aiki, ga shi kuma wasu daga nesa sun zo suna fifita tsuntsaye a kan mutane ba tare da sun tambaye su ba. Rigimar ta yi zafi, kuma tana cikin abubuwan da suka sa aka rarraba hukumar a 1991.

Irin wannan gardama ba ta mutu ba. A 2020 an ba da izinin gina tashar harba tauraron ɗan'adam a wani gefe na fadamar, a filin ƙananan manoman Melness, waɗanda ƙungiyarsu ta goyi bayan aikin domin samar wa yaransu abin yi. Wani hamshaƙin attajiri mai manyan filaye a maƙwabta ya kai ƙara kotu da hujjar kare muhalli, kotu ta yi watsi da ƙarar a 2021, sannan a ƙarshen 2024 kamfanin da kansa ya dakatar da ginin. Ki duba yadda lamarin ya juya. A nan talaka ne yake cewa "mai abu da abinsa", attajiri kuma yake cewa a bari. Wa za ki ba gaskiya?

Ga abin da nake gani. Dalilan nan uku ba su canza ba don mai son taɓa fadamar talaka ne, domin laka ba ta san aljihun mai garma ba. Amma hani yana da nasa sharuɗɗan, kuma idan ba a cika su ba shi ma zalunci ne.

Sharaɗi na farko, a bambanta buƙata da haɗama. Manomin da ya yanki lakar da za ta ɗumama ɗakinsa da hannunsa ba ɗaya yake da kamfanin da ya tsiyaye dubban kadadu don wani ya rage haraji ba. Dokar da ta auna su da mudu ɗaya makauniya ce. Sharaɗi na biyu, a yi shawara da mazauna wurin tun daga farko, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma abin da aka ƙaƙaba wa mutane ba ya ɗorewa bayan mai gadi ya tafi. Sharaɗi na uku shi ne mafi nauyi. Idan duniya duka ce take cin moriyar jiƙewar wannan fadama, to ba daidai ba ne a bar ƙauye ɗaya ya biya kuɗin. Kada ya zama kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Wanda ya ce wa maƙwabcinsa "kada ka taɓa, don amfaninmu duka", wajibi ne ya sa hannu a aljihu.

Abin da ya biyo baya a Flow Country ya nuna ana iya kusantar wannan adalci, ko da ba a kai gare shi duka ba. A kasafin kuɗin 1988 ministan kuɗi Nigel Lawson ya soke rangwamen harajin, kuma nan take guguwar dashen ta lafa, abin da ya nuna tun asali ba son itace ne ya kawo masu kuɗin ba. A 1995 ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ta sayi filin Forsinard a tsakiyar fadamar, wanda daga baya ya faɗaɗa ya haura kadada 21,000, ta shiga sare baƙin itatuwan tana toshe magudanan da ƙananan madatsai domin ruwa ya koma mazauninsa. A 1999 aka sanya babban sashe na fadamar cikin wuraren da yarjejeniyar Ramsar take karewa, wato yarjejeniyar dausayoyi da aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971, wadda tafkin Nguru ma yake ƙarƙashinta tun 2000. A 2020 gwamnatin Sikotlan ta yi alkawarin kashe fam miliyan 250 cikin shekara goma wajen farfaɗo da irin waɗannan fadamu, aikin da ke samar wa masu tuƙa injuna da sauran ma'aikata na karkara abin yi. Sannan a watan Yulin 2024, a taron da aka yi a birnin New Delhi na Indiya, hukumar UNESCO ta sanya kimanin kadada 190,000 na Flow Country cikin jerin wuraren gado na duniya, ita ce kuma fadamar baƙar laka ta farko da ta sami wannan matsayi. A wannan karo an yi shekaru ana zagayawa garuruwan yankin ana jin ta bakin jama'a kafin a miƙa buƙatar.

Sai dai kada wannan lambar girma ta ruɗe ki. Matsayin UNESCO ba katanga ba ne, ba ya kuma zuwa da 'yan sanda. Kariyar tana hannun dokokin ƙasar da hukumomin da ke ba da izinin gini, kuma ana ci gaba da ja-in-ja kan inda ya dace a kafa injunan samar da lantarki daga iska a kewayen wurin. Gyaran ma ba na gaggawa ba ne. Gansakuka yakan dawo cikin 'yan shekaru idan ruwa ya koma, amma lakar da ta zaizaye sai dai ta sake taruwa da milimita ɗaya a shekara. Wato an biya kuɗin jama'a an lalata, an sake biyan kuɗin jama'a ana gyarawa, kuma duk waɗanda suke aikin gyaran sun san ba za su ga ƙarshensa da idonsu ba.

To 'yar'uwa, mu koma kan tambayarmu. Mai abu da abinsa gaskiya ce, kuma al'ummar da ba ta girmama mallakar mutane ba za ta zauna lafiya ba. Amma ikon mai abu yana tsayawa ne a wurare biyu: inda abin ya kasance ba ya maimaituwa, da inda cutarwarsa ta isa ga wanda ba a yi shawara da shi ba, ko yana raye a wata ƙasa ko ba a haife shi ba tukuna. Haka shi ma mai hani, ikonsa yana tsayawa inda ya ƙi sauraron mazauna wuri, ko ya ƙi ɗaukar kasonsa na asarar. Mun saba auna mutum da abin da ya gina, shi ya sa muke ganin wanda ya bar fili a yadda ya same shi kamar bai yi komai ba. Alhali kame hannu daga abin da kake da ikon taɓawa, ga riba tana kiranka, ga doka ba ta hana ka ba, yana daga cikin ayyuka mafiya wuya ga ɗan'adam. Duk lokacin da kika ji ana cewa wani wuri ko wani abu "ai zaman banza yake yi", yana da kyau ki tambaya: shekara nawa ya yi kafin ya zama haka, wa yake amfana da shi ba mu sani ba, kuma idan muka taɓa shi muka yi kuskure, za mu iya mayar da shi?

Allah Ya ba mu ikon riƙe abin da aka bar mana, Ya sa mu miƙa shi ga na baya ba tare da tawaya ba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, wassalam.